Ranar da Gajere Mai Gas Ya Zama Alƙali

Sunana Mordecai, amma in ka shigo layin masu walda a Sabon Garin Zariya kana tambayar Mordecai, kallon juna za a tsaya yi. Ka ce Gajere Mai Gas, nan take za a nuna maka shagona, kusa da mai facin taya, inda tukwanen gas suke jere a bakin ƙofa. In ka iso ka ga tukwane kawai ba ka ga mutum ba, ƙara dubawa da kyau. Ina tsakaninsu. Tsayinmu ɗaya, faɗinmu ma kusan ɗaya, sai dai su ba su da surutu.

A wani ƙauye bayan Giwa aka haife ni. Babana manomi ne, ranar Lahadi kuma shi ke buga ƙararrawar coci, wato wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin ɗorawa. Burinsa in zama malamin asibiti. Ya kai ni wurin wani ɗan'uwansa da ke aiki a ɗakin shan magani don in fara ganin hanya. Ranar farko aka kawo wani mutum da fartanya ta sara a ƙafa. Na leƙa, na ga jini. Da na farka, ni ne kwance a kan gado, mai ciwon yana zaune a benci yana yi mini fifita da hularsa. Nan aikin asibiti ya ƙare.

Na gwada soja. Aka jera mu a fili, wani kofur ya biyo layi da sanda yana auna tsayi. Da ya iso kaina ya daka mini tsawa wai in miƙe tsaye. Na ce masa ai a tsaye nake. Ya dube ni, ya dubi sandarsa, ya ce in gaida mutanen gida. Na shiga ƙungiyar mawaƙa a coci, bayan sati biyu shugabar ta ja ni gefe, ta ce mini cikin ladabi Ubangiji yana jin abin da ke cikin zuciya, ba lallai sai mutum ya buɗe baki ba.

Oga Ejiofor ne ya tsince ni a tasha ina dakon buhunan masara. Inyamuri ne, amma ya riga ni zuwa Zariya, ya riga ni ma zuwa duniya da nisa, Hausarsa kuwa har karin magana yake koya mini. Ya tsaya yana kallona na sauke buhu, ya ce, "Kai ne nake nema. Ƙasa ba ta yi maka nisa ba. Ko tukunya ta kuɓuce daga kafaɗarka, ba za ta ji ciwo ba." Wannan ne karo na farko da wani ya dubi tsayina ya ga amfani. Na bi shi.

Shi ya koya mini aikin gas, wanda masu walda ke yankan ƙarfe da shi, da wanda ba a kusantarsa da wuta, da kuma wanda muke kira si-o-tu a kasuwa. Wannan ta ƙarshen ita ce iskar da kowa ke fitarwa in ya yi numfashi. Ita ke sa lemon kwalba ya yi tsss in an buɗe, da ita ake cika jan abin kashe gobara da ke rataye a gidajen mai. Ba ta da launi, ba ta da wari. Wata masana'anta a Kaduna ke matse ta cikin tukwane har ta koma ruwa, mu kuma mu ɗauko mu sayar. Da tsufa ya kama Oga Ejiofor, ya koma garinsu, ya bar mini shagon da sikeli da wata tsohuwar kujera mai ƙafa uku da rabi.

Lokacin da na je neman auren Susanna, mahaifinta, tsohon hedimasta ne, ya sauke tabarau ya ce, "Yaro, mece ce sana'arka?"

Na ce, "Iska nake sayarwa, Baba."

Ya mayar da tabarau. Can ya ce, "Mu a nan, mai hulɗa da iska da sunan da muke kiransa, amma tun da a gidana kake, ba zan faɗa ba."

Susanna ce ta cece ni. Ta ce wa babanta aƙalla wannan ba zai taɓa dawowa gida ya ce kayansa sun ruɓe ba. Aka ba ni ita. Tana koyarwa a wata firamare a Dogarawa inda muke zaune, muna da 'ya ɗaya, Peculiar, wadda Allah ya taimaka ta ɗauko tsayin uwarta.

Haka na yi shekaru. Masu walda su zo su ɗauka, gidajen mai su aiko a cika musu, otal-otal su tuna da ni idan an ce masu duba gini na tafe. Ba wanda ya taɓa neman shawarata kan komai. Ko a zumuntar maza ta cocinmu, aikina jera kujeru.

Sai mutanen Samaru suka gano shagona.

Dakta Oluwatoyin ce ta fara zuwa, wata doguwar Bayarabiya haifaffiyar Tudun Wada, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar da ke can. Ta ce si-o-tu take so, mai tsabta, a tukunyar da ba a taɓa zuba wani abu dabam a ciki ba. Na tambaye ta ko lemo take haɗawa. Ta yi dariya ta ce kiwo take yi. Wai jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne haɗe da juna, ido ba ya ganinsu, ita kuma tana renon irinsu a cikin kwalabe don ta gwada magunguna a kansu. Suna zaune cikin wani akwati mai ɗumi, kamar injin ƙyanƙyasar ƙwai, kuma dole a riƙa sakar musu iskata kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ruwan da suke kwance a ciki ya lalace su mutu.

Da na koma gida na ce wa Susanna, "Maman Peculiar, yau na samu wata mai kiwon mutane a kwalba."

Ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Peculiar, don girman Allah kada ka maimaita wannan maganar a waje. Ba ni da ƙarfin kai maka abinci ofishin 'yan sanda."

Ba a daɗe ba Dakta Nelson ya biyo. Shi mutumin wajen Zonkwa ne, siriri, kullum kamar ya manta wani abu a wuta. Nasa aikin ya fi ba ni mamaki. Roba yake son yi da iska. Na ce roba irin ta bokiti? Ya ce wata rana, in Allah ya yarda. Ya yi mini bayani cewa wannan iskar ta yi yawa a sama, tana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, shi kuma yana ɗure ta cikin wata tukunyar ƙarfe tare da wasu sinadarai, ya matsa mata har ta yarda ta kama hannun juna ta yi dogon layi, kamar yadda ake shirya duwatsun wuya a zare. In layin ya yi tsawo, ya zama roba. Na gyaɗa kai kamar na gane. Abin da na gane dai shi ne Dakta Nelson yana shan gas kamar raƙumi, ita kuwa Dakta Oluwatoyin kamar tsuntsu.

Tun daga nan tafiyata ta canza. Na sayi biro na maƙale a aljihun gaba, ko da yake babu abin da nake rubutawa. In masu walda suka tambaye ni ina za ni, sai in ce, "Jami'a suna nemana," in bar su da sauran.

Daminar bara waccan injin masana'antar Kaduna ya lalace, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga ƙasar waje. Tukwanena suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage babba guda a bayan shago. Wata Juma'a da safe wayata ta yi ƙara. Dakta Oluwatoyin ce, ta ce allurar ma'aunin tukunyarta ta kusa kwantawa, in ba ta samu wata ba kafin Litinin, aikin watanni zai mutu. Ban gama mayar da wayar aljihu ba Dakta Nelson ya kira, shi ma ya ce ya haɗa wani sinadari da ba ya jira, ko ya samu gas yau ko ya zubar.

Na tsaya a tsakiyar shago da waya a hannu. Daktoci biyu, tukunya ɗaya, kuma a hannuna take. Wani abu ya taso mini daga tafin ƙafa har ƙeya, wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na ce wa kowannensu, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba, "Ku zo shago da azahar, za mu zauna a kan maganar."

Makarantu na hutu, Susanna tana bakin shagon da kular zoɓo tana sayar wa masu walda. Ta ga na tare keke, ta ce, "Ina kuma za ka?"

"Gida. Zan canza kaya."

"Wani ya mutu ne?"

Na haye keken. Na je na ciro babbar rigar da na sa ranar auren Peculiar, wadda tela ya ɗinka da tunanin zan ƙara tsawo. Na dawo na aro kujeru biyu wurin mai kemis, na mirgino tukunyar tsakiyar shago, na goge ta da tsumma har tana ƙyalli. Ni kuma na hau kujerar Oga Ejiofor, na sa bulo a ƙarƙashin guntuwar ƙafarta.

A mota ɗaya suka iso. Da ina da hankali, da wannan kaɗai ya ishe ni. Amma mai babbar riga ba ya lura da ƙananan abubuwa.

Suka gaishe ni, suka gaida Susanna. Dakta Nelson bai ko zauna ba ya fara, "Baba Mordecai, dama mun riga mun..."

Na ɗaga hannu. "Dakta, a wannan shagon ɗaya bayan ɗaya ake magana. Zauna. Mace za ta fara."

Suka dubi juna. Dakta Oluwatoyin ta cije leɓe, ta gyara zama, ta ce to. Ta faɗa mini ƙwayoyin nata daga wani ƙari aka samo su da likitoci suka cire wa wata mata, da yardarta. Ta sha wahala kafin su amince su rayu a kwalba. Ruwan da suke ciki ja-ja ne, in iskata ta yanke sai ya fara komawa shunayya, daga nan sai gawa.

Na ce, "Su nawa ne?"

Ta ce, "Miliyoyi, Baba."

Na juya ga masu walda da suka fara taruwa a bakin ƙofa, na maimaita musu, "Miliyoyi," don su san irin shari'ar da ke gabana.

Dakta Nelson ya sake gwadawa. "Baba, in ka bari na faɗi abu ɗaya kawai..."

"Yanzu ne lokacinka. Amma ka tsaya kan tambayata. Wannan robar taka, tana numfashi?"

"A'a."

"Tana da uwa?"

"Baba Mordecai..."

"Amsa mini."

"Ba ta da uwa. Amma akwai ɗalibata da karatunta ya rataya a kan wannan gwajin, ita tana da uwa, kuma uwar tana kirana kullum."

Masu walda suka yi guna-guni, wannan ma hujja ce. Mai facin taya ya bar tayar da yake yi ya matso. Wani ya ce a ba mai mutane, wani ya ce mutanen da ba a gani ai ba mutane ba ne. Na bar su suka yi ta yi, sannan na rufe ido na jingina, kamar mai auna magana. Gaskiya zafi ne ya dame ni, rigar nan ba ta damina ba ce, gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo. Amma na daure. Na ɗauki lokaci har na ji wurin ya yi tsit.

Na buɗe ido na ce, "Na saurari kowa. Rai rai ne, ilimi kuma ilimi ne. Hukuncina shi ne, a raba gas ɗin nan."

Na jira a yi tafi, ko a yi gardama, ko wani ya roƙe ni in sake tunani.

Dakta Nelson ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Yawwa. Ai abin da muka zo tambaya ke nan. Mun haɗu a wurin ajiye motoci, muka gane tukunya ɗaya muke bi. Ita kaɗan take buƙata, ni in ɗauki saura. Kana da ƙaramar tukunya mai tsabta da za a juye mata?"

Susanna ce ta fara dariya. Ta kifa kai a kan kular zoɓo, kafaɗunta suna rawa. Daga nan layin masu walda gaba ɗaya ya ɗauka. Dakta Oluwatoyin, Allah ya saka mata, ta ce, "Amma hukuncin ya yi daidai, Baba." Na ce mata na sani.

Saura aikin juyewa, wanda ba a yi da baki. Sai an sanyaya ƙaramar tukunya, a kifa babbar kai ƙasa, a haɗa su da tiyo, ana kallon sikeli. Susanna ta sadaukar da ƙanƙarar zoɓonta, ta ce ko ba komai ta ga abin da ya fi ƙanƙara daraja yau. Masu walda biyu suka kifa babbar tukunyar suka riƙe. Susanna ta ce in cire rigar. Na ce alƙali ba ya tuɓewa a gaban jama'a.

Abin yana tafiya lafiya, ana jin ruwan gas yana bin tiyo, allurar sikeli tana hawa. Na miƙa hannu in rufe, hannun rigar ya naɗe bakin tiyon, na fizga, sai ga shi ya kwance. Wata ƙara ta tashi kamar jirgin ƙasa zai bar tasha, farin hayaƙi mai sanyi ya cika shagon. Na daina ganin kowa. Abin da nake ji kawai ƙafafu. Mai facin taya, wanda kullum yake kukan ciwon gwiwa, an ce a tsalle ɗaya ya haye kwata. Su biyun da ke riƙe da tukunyar ne kaɗai ba su gudu ba, su ma daga baya sun ce don sun rasa inda za su ajiye ta ne.

Na laluba cikin hayaƙin na murɗe bakin tukunyar da hannu tsirara. Aikin shekaru ne, hannu ya san hanya ko kai bai sani ba. Ƙarar ta tsaya. Wani ya kama wuyan rigata ya jawo ni waje, ashe Dakta Oluwatoyin ce, tana cewa in yi numfashi, in yi numfashi. Babban yatsana ya yi fari fat, ya sandare kamar rogo. Sanyin gas ɗin yana ƙuna kamar wuta. Ta sa aka kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi daga wurin mai shayi, ta tsoma yatsan a ciki, tana yi mini faɗa da Hausa, da ta ƙare mata ta koma Yarbanci.

Da hayaƙin ya washe aka duba, asarar ba ta kai yadda ƙarar ta nuna ba. Ƙaramar tukunya ta samu abin da zai riƙe ta, babbar ma da sauran nauyi. Na cire rigar da kaina, ba wanda ya sake roƙona.

Na bi su Samaru da yatsa a naɗe don in ɗaura musu tukwanen. Shekarun da na yi ina kai kaya, a bakin ƙofa nake tsayawa. Ran nan bayan na haɗa mata tiyo, Dakta Oluwatoyin ta ce, "Baba, zo ka ga waɗanda ka ƙona yatsa dominsu."

Aka sa na cire takalmi, aka ba ni farar riga irin ta likitoci, tana jan ƙasa a bayana kamar ta amarya. Da babana zai ga wannan rana, da ya ce addu'arsa ta karɓu, ko da ta biyo ta bayan gida. Ɗakin sanyi ƙalau, tsaf-tsaf, ba ka jin komai sai gurnanin injuna. Ta buɗe akwatin ɗumin, ta ciro wata kwalba shafaffiya mai jan ruwa a ciki, ta ɗora a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta turo mini wani ɗan akwati in taka, don idona ya kai.

Na kafa ido. Baƙi ƙirin, sai wasu 'yan zare-zare suna motsi. Na ja baya na dafe ƙirji na ce, "Kai! Ikon Allah! Har da gashi gare su!"

Ta ce, "Baba, ban kunna fitilar ba tukuna. Gashin idonka ne."

Ta kunna. Na sake dubawa. Suna nan shimfiɗe, manne da juna, kamar ganyen zogale da aka baza a tabarma, kowanne da ɗan ɗigo a tsakiyarsa. Ba sa gudu, ba sa komai, amma ka san da rai a wurin. Na daɗe a kai.

Na tambaye ta matar da aka ciro su daga jikinta, tana raye? Ta ce ba a ba ta sunanta ba, haka ƙa'idar take, abin da ta sani kawai ciwon nono ne. Na sauko daga kan akwatin. Irin ciwon da ya ɗauke mahaifiyata ke nan, ina saurayi. A ƙauye daji muke ce masa. Mun ɗaura ganye, mun shafa mai, mun kira masu addu'a, tana ta ba mu haƙuri wai tana wahalar da mu. Ban taɓa tsammanin zan ga fuskar abin da ya kashe ta ba, balle a ce ni ke kawo masa iskar da yake rayuwa da ita.

Na ce, "Dakta, wannan abin kike reno?"

Ta ce, "Sai ka rene shi kafin ka san abin da yake tsoro."

"Za ki samo maganinsa?"

Ta mayar da kwalbar cikin akwati ta rufe a hankali. Ta ce, "Wataƙila ba ni ba. Yawancin abin da nake gwadawa ba ya aiki. In na tabbatar wannan ba ya yi, wanda zai zo bayana ba zai ɓata lokaci a kansa ba."

Na ce mata ashe sana'armu ɗaya, ni ma rabin rayuwata a gano abin da ban iya ba ta tafi. Ta yi dariya, ni ma na yi, amma a keken da ya mayar da ni Sabon Gari ban yi wa direba hira ba, abin da ba halina ba.

Ƙwayoyin sun rayu. Injin Kaduna ya tashi bayan 'yan makonni, tukwane suka dawo, ba wanda ya sake buƙatar hukuncina. Yatsan ya saɓule fata ya warke.

Wata ranar Asabar sai ga Dakta Nelson a shago, yana murmushi har kunne. Ya ciro wani abu naɗe a takarda ya ajiye a tafin hannuna. Fari-fari ne, haske yana ratsa shi, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ya ce, "Ga robarka. Kusan rabinta iskar shagon nan ce. Ɗalibar ta gama, ta ce a kawo maka."

Na juya shi, na matsa, yana da ɗan taushi. Na ce, "Dakta, tukunyar da mutum biyu suka kifa da ƙyar, wannan ne abin da ya fito? Ina sauran?"

Ya ce, "Wannan tambayar ita ce aikin shekara biyar mai zuwa."

Washegari bayan sujada akwai taron zumuntar maza. Na gama jera kujeru, na nemi izinin magana, abin da ban taɓa yi ba. Na ba su labari tun daga sama inda iska ta yi yawa, har zuwa tukunyar ƙarfe, na tsallake wurin babbar riga. Sannan na buɗe takardar na ce a miƙa hannu-hannu, kowa ya taɓa ya ga abin da ake yi a Samaru. Aka riƙa karɓa ana jinjina kai. Ni kuma ina gaba ina amsa tambayoyi, wasu ma amsar gaskiya nake bayarwa.

A ƙarshen layi Baba Martin yake zaune, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya fi kowa shekaru a cocin. Kunnensa ya yi nauyi, idonsa ma sai a hankali. Bai ji ko kalma ɗaya daga jawabina ba. Ya ga dai ana miƙo wani abu daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ake raba alewar tari in an yi sanyi. Na hango hannunsa yana tafiya baki. Na yi ihu, amma ihu ba ya isa inda Baba Martin yake.

Ya tsotsa, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya haɗiye. Ya ce, "Wa ya sayo wannan? An cuce shi. Babu zaƙi ko kaɗan."

Na kira Dakta Nelson. Da na faɗa masa, ya sa na maimaita. Can ya ce sun wanke abin sosai, ba ya jin zai yi lahani, amma mu kai shi asibiti a duba. Ni da mai wa'azinmu da wasu muka sa Baba Martin a mota, yana ta tambayar bikin wa za mu.

Likitan da muka samu matashi ne. Ya ce me tsohon ya haɗiya. Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce roba ce. Ya ce wace irin roba, murfin biro ko leda? Na ce a'a, roba ce da aka yi da iska, ni na sayar da iskar. Ya ajiye biro ya dube ni da kyau, ya tambayi mai wa'azinmu a hankali ko ni ma a duba ni tun da an riga an zo.

Babu abin da ya samu Baba Martin. An ce ya sha ruwa da yawa, ya ci gwanda. Da jikarsa ta yi masa bayani da ƙarfi a kunne, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Yanzu duk baƙon da ya zo coci sai ya gaya masa cewa a duk Zariya shi kaɗai ne ya taɓa cin binciken jami'a, kuma bai ga abin da ake yabo ba. Zumuntar maza kuwa ta kafa doka, duk abin da za a nuna a taro, mai shi ya riƙe a hannunsa ya zagaya da shi.

Dakta Nelson ya yi alkawarin zai kawo mini wani in sun sake yi. Na ce masa ya yi babba, wanda ba zai wuce maƙogwaro ba. Ya ce da sun iya yin babba, da tuni ya daina hawa tsohuwar motar nan.